Ganin Likita Ta Waya A Anka, Gummi Da Bukkuyum: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya taɓa kai waya wajen mai gyara ya san tambayar farko: me ya same ta? Idan mai waya ya ce kawai daina aiki ta yi, mai gyara zai kwance ta, ya gwada batir, ya gwada wajen caji, ya ɓata rabin yini yana lalube. Idan kuwa ya ce ta faɗa ruwa shekaranjiya, aka sa ta a caji tun ba ta bushe ba, daga nan sikirin ya ɗauke, to aiki ya zo da sauƙi. Masu rubuta manhaja ma sun san wannan ciwon kan. Saƙon da ya fi ba su wahala shi ne wanda ke cewa "manhajarku ba ta yi", babu hoto, babu bayanin abin da aka danna.

Likitan da ke duba mara lafiya ta waya ya fi waɗannan biyun shiga tsaka mai wuya. Ba zai taɓa goshi ya ji zafi ba, ba zai danna ciki ba, ba zai ɗora abin sauraro a ƙirji ba. Abin da aka faɗa masa da abin da aka nuna masa, su ne iyakar abin da yake da shi. Saboda haka amfanin irin wannan ganawa ya rataya ne a kan shirin da aka yi kafin a danna kira, fiye da tsadar wayar ko sunan manhajar. A yammacin Zamfara kuwa, nauyin wannan shiri yana wuyan matashin gidan da ke riƙe da babbar waya.

Me ya sa maganar ta shafi wannan yanki?

Manyan asibitocin da ake tura mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum suna nesa. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda ya taso daga Gummi zuwa Gusau sai ya bi ta Ɗaki Takwas, ya wuce Anka, ya fita Mayanchi, sannan ya miƙi babban titi. Kuɗin mota ne na mutum biyu, domin mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Yini ne guda da aka bar gona ko shago. Ga kuma fargabar hanya, wadda ba sai an yi wa ɗan yankin bayani ba; hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba su gushe daga zukatan mutane ba.

Likitocin ma sun yi ƙaranci. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisin aiki a Najeriya kusan 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a manyan birane irin su Legas da Abuja.

A irin wannan hali, tafiya Gusau don kawai likita ya karanta sakamakon gwaji, ko ya ce a ci gaba da shan maganin hawan jini, asara ce da waya za ta iya ragewa. Bibiyar mai ciwon suga, mai hawan jini ko mai sikila, nuna ƙuraje ko gyambo, neman shawara kan ko ciwo ya kai a yi tafiya, duk suna yiwuwa ta kira. Wasu suna bi ta manhajojin kamfanoni masu wannan sana'a, amma abin da ya fi yawa a nan shi ne WhatsApp: likitan da ya taɓa duba mutum a asibiti ya ba da lamba, ya sa lokaci.

Sau da yawa mara lafiyar tsoho ne, ko uwa mai goyo, ko yaro. Wanda zai saita wayar, ya ɗauki hoto, ya fassara, ya rubuta abin da likita ya ce, shi ne ɗa ko ƙane ko ɗiya mai Tecno ko Infinix. Ko ya sani ko bai sani ba, ranar shi ne ido da hannun likita.

Darasin gubar dalma

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan wannan yanki. Yaran suna amai, suna jijjiga, suna suma. Alamun sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi aiki ba. Sai da aka gwada jini aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida ana daka su ana niƙa su, ƙurar tana bin tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, suna cikin wuraren da abin ya shafa. An kiyasta yara kusan 400 sun rasu. Bagega ba ta samu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013, bayan gangamin da matasa irin su Hamzat Lawal suka yi a kafafen sada zumunta.

Abin lura a nan: ƙwararru ne suka zo har ƙauyen, suna ganin yaran da idonsu, amma sai da aka haɗa alamun ciwon da sana'ar gidan kafin hanya ta buɗe. To ina ga likitan da ke zaune a Abuja ko Kaduna yana kallon yaro ta ƙaramin sikirin? Idan aka ce masa yaro na ciwon ciki, ba ya cin abinci, ya yi laushi, dalma ba za ta zo masa a rai da wuri ba. Jimla ɗaya za ta iya juya tunaninsa: "A gidanmu ana niƙa dutsen zinare," ko "Babansa yana dawowa daga rami da kayan aikinsa a jiki." Haƙar ma'adinai ba ta tsaya ba, kuma gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin da ta sa a jihar tun 2019 a watan Disamba na 2024. Wannan jimlar tana nan da muhimmancinta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ruwan da ake sha na rijiya ne ko na gulbi? Akwai wasu masu amai da gudawa a unguwa? An yi gudun hijira kwanan nan, ana kwana a makaranta ko sansani? An yi feshin maganin ƙwari a gona? Yaro ya samu allurar rigakafi? Likita na nesa bai san waɗannan ba, wataƙila ma ba zai tambaya ba. Wanda ya shirya shi zai faɗa tun ba a tambaye shi ba.

Takarda ɗaya kafin kira

Kayan aiki mafi muhimmanci a ganawar likita ta waya shi ne takarda da biro. Mutum yakan tsara magana a kansa, amma da ya ji muryar likita, ga data na tafiya, sai rabin maganar ta gudu. A rubuta waɗannan tun daren jajibiri:

1. Shekarun mara lafiya, da nauyinsa idan yaro ne, domin da nauyi ake auna wa yara magani.
2. Babban abin da ke damunsa, da ranar da ya fara. "Yau kwana huɗu" ya fi "an ɗan kwana biyu", domin kwana biyun Bahaushe yana iya zama wata uku.
3. Yadda abin ke tafiya: yana ƙaruwa ko raguwa, dare ya fi tsanani ko rana, me ke tayar da shi.
4. Duk maganin da aka sha, na asibiti, na kemis, allurar da aka yi a gida, da na gargajiya.
5. Tsofaffin cututtuka: hawan jini, suga, sikila, asma, farfaɗiya, tiyatar da aka taɓa yi.
6. Maganin da ya taɓa jawo ƙaiƙayi, kumburi ko ƙuraje.
7. Ga mace, ko tana da ciki ko tana shayarwa, da ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe.
8. Tambayoyi uku da ake so a samu amsarsu kafin a ajiye waya.

Akwai wata ɗabi'a da ke ɓata irin wannan ganawa, wato zuwa da sunan cuta a maimakon alamunta. "Taifot ne." "Basir ne." "Shawara ce." "Sanyi ne." Waɗannan kalmomi kowanne buhu ne da ake zuba abubuwa da yawa a ciki. Basir a bakin wani yana nufin jini a bayan gida, a bakin wani taurin ciki, a bakin wani ciwon baya. Sanyi yana iya zama ciwon gaɓoɓi, yana iya zama zafin fitsari. Likita zai fi amfana da a ce masa idon ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, fiye da a ce shawara. A bar masa aikin sa wa cutar suna.

Maganin gargajiya kuwa, ɓoye shi ya yi daidai da ɓoye wa mai gyara cewa waya ta faɗa ruwa. Wasu jiƙe-jiƙen suna taɓa hanta da ƙoda, wasu suna karo da maganin asibiti. Faɗan da likita zai yi na minti ɗaya ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lambobi sun fi "jikin da zafi"

Likita yana aiki da lambobi, kuma da yawansu ana iya samo su ba tare da an bar gari ba.

Ma'aunin zafin jiki na batir ba shi da tsada a kemis. Idan ya nuna 38 ko sama da haka, zazzaɓi ne. A rubuta lambar da lokacin da aka auna, safe da yamma.

Mai hawan jini ya je ƙaramin asibiti ko kemis mai na'urar awo, ya zauna ya huta minti biyar kafin a auna. A rubuta lambobin biyu, na sama da na ƙasa. Awon kwana uku a jere ya fi na rana ɗaya gaya wa likita gaskiya. Haka mai suga ya rubuta ko kafin cin abinci aka gwada ko bayansa.

Numfashin yaro ana ƙirga shi da agogon da ke cikin waya. A bari ya natsu, a ɗaga riga, a ƙirga ɗagawar ƙirji na cikakken minti ɗaya. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke bi shi ne: jariri ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi sauri; daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50; daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Numfashi mai sauri tare da tari yana iya zama alamar ciwon huhu.

Ga yaron da ake zargin tamowa, akwai ma'aunin damtse mai launi uku da ake samu a wajen ma'aikatan lafiya, na yara daga wata shida zuwa shekara biyar. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron na buƙatar cibiyar kula da tamowa ba tare da jira ba.

Idan zazzaɓi ne, a yi gwajin maleriya na tsinke kafin kira. Digon jini ne, sakamako na fitowa cikin minti 15 zuwa 20. A ɗauki hoton tsinken a lokacin, domin idan ya daɗe a ajiye layukan suna iya yaudara.

Shirya wayar kanta

Nan ne fagen matasa, amma nan ma ake yin sakaci.

Na farko, netwok. Kowa ya san kusurwar gidansu da sabis ya fi kamawa, da layin da ya fi ƙarfi a garinsu tsakanin MTN, Airtel da Glo. A gwada kiran bidiyo da wani aboki kwana ɗaya kafin ranar, a wurin da za a zauna, a daidai lokacin da aka sa. Netwok ɗin safe daban yake da na bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau TikTok. Idan ana da zaɓi, a nemi likita ya sa lokacin da hanya ba ta cunkushe ba. Kada neman sabis ya kai mutum bayan gari ko kan dutse a wurin da babu tsaro; babu ganawar da ta kai wannan kasada.

Na biyu, caji da data. A kai wayar shagon caji tun da wuri, a ajiye fawa bank a kusa. A duba ragowar data da *323#, ragowar kati da *310#, lambobin da yanzu suke aiki a duk layuka. A dakatar da sabunta manhajoji da sauke bidiyon guruf-guruf, domin su ne ke cinye data a ɓoye. A saitin WhatsApp, ɓangaren ma'adana da data, akwai maɓallin rage cin data lokacin kira.

Na uku, kuma shi ne ya fi dacewa da wannan yanki: a tura komai tun kafin kira. Hoton takardar nan da aka rubuta, hoton kwalayen magani gaba da baya, katin asibiti, sakamakon gwaji, hoton ƙurji ko kumburi, gajeren bidiyon numfashin yaro ko tafiyar tsoho. Saƙo yana jira har netwok ya dawo ya wuce, kiran bidiyo kuwa yankewa yake yi. MSF kanta, tsarin neman shawarar ƙwararru daga nesa da ta fara a 2010 a kan wannan dabara aka gina shi: ma'aikaci a karkara ya rubuta bayani, ya haɗa hotuna, ya tura, ƙwararre ya amsa daga inda yake. Idan likita ya riga ya ga komai, kiran murya na minti goma ya wadatar, kuma murya ba ta cin ko kusa da abin da bidiyo ke ci.

Hoton ma yana da ƙa'ida. A goge gilashin kyamara. A ɗauka da hasken rana, a inuwa, ba tare da filasha ba, kuma a kashe duk wani gyaran fuska, domin yana goge ainihin abin da likita ke son gani. A ɗauki ɗaya daga nesa don a ga wurin da abin yake a jiki, ɗaya daga kusa, da murfin kwalba ko ashana a gefe don a gane girmansa. WhatsApp yana matse hoto har ƙananan rubutu su dushe, don haka a danna alamar HD, ko a tura sakamakon gwaji a matsayin fayil.

Na huɗu, a yi yarjejeniya tun a saƙon farko: idan intanet ya yanke, wa zai kira wa, kuma a wace lamba? Kiran waya na yau da kullum yana tafiya ko a 2G.

Na biyar, a ajiye bayanan lafiya a wuri biyu. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, wasu ƙananan hukumomi suka yi kusan wata uku babu sabis. Wanda ya bar bayanansa a intanet kawai ya ga ta kansa. A Agustan 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, kuma ruwa ba ya barin takarda. Kowane ɗaya yana da ranar da zai ci amana. A riƙe littafi a cikin leda, a riƙe hotunansa a cikin waya.

Kunya da sirri

A asibiti akwai labule da ƙofa. A gida kuwa akwai tsakar gida, da kishiya, da yara, da maƙwabciyar da ta shigo aron turmi. Mace ba za ta faɗi ciwon mara ko zubar jini a gaban ƙanen mijinta ba, dattijo ba zai faɗi matsalar fitsari a gaban ɗansa ba. Idan haka ta faru, an kashe data, likita ya ji rabin labari, ya rubuta magani a kan rabin labari.

Matashin da ya san aikinsa zai saita komai, ya ba da iyafis, ya ce, "Inna, ga likita nan, ina waje, in kin gama ki kira ni." Idan ana buƙatar tafinta ga mace, a samo mace da ta yarda da ita. Neman likita mace ba laifi ba ne, a faɗa tun wajen sa lokaci.

Hotunan jiki amana ce. A tura su ga likita kaɗai, a duba sunan sau biyu kafin a danna, domin kuskure ɗaya zai kai hoton guruf ɗin dangi. Bayan an gama a goge su daga wayar aro, a leƙa Google Photos ma, domin wayoyi da yawa suna kwafe hotuna can da kansu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin mara lafiya, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Amma doka ba za ta dawo da hoton da ya riga ya yaɗu a gari ba.

Likita ne, ko mai kama da likita?

Farar riga da abin sauraro a wuya ana sayar da su a kasuwa, kuma Facebook da TikTok sun cika da masu su. Duk likitan da ke da izinin aiki a Najeriya yana da lambar rajista daga hukumar MDCN mai kula da likitoci, da lasisin da yake sabuntawa kowace shekara. Tambayar cikakken suna, asibitin da yake aiki da lambar rajista haƙƙin mara lafiya ne. Hanya mafi aminci ita ce a samu lambar likita daga asibiti ko daga malamin asibitin da aka sani.

Alamun ɗan damfara ba su da wuyar ganewa. Yana da magani ɗaya mai warkar da cuta goma. Bai yi tambaya ba ya yanke hukunci. Maganin a wajensa kaɗai ake samu, a tura kuɗi ta OPay ya aiko a mota. Wanda ya nemi BVN, lambar sirrin kati, ko lambobi shida da WhatsApp ya turo, ɓarawo ne, a rufe shi nan take.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Meta AI suna da amfani wajen tsara bayani ko mayar da shi Turanci idan likitan ba ya jin Hausa, muddin an sake karantawa an tabbatar ba su sauya ma'ana ba. Amma suna iya faɗin kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma babu wanda zai ɗauki alhaki. Ba a karɓar adadin maganin yaro daga wajensu.

Kafin a ajiye waya

Mara lafiya ya kasance a wurin, ba saƙo kawai ba. A jingina wayar da wani abu, haske ya fuskanci mara lafiya, kada taga ta kasance a bayansa. A fara da abin da ya fi damuwa, gaisuwa ta zama gajera; likita ba zai ɗauka rashin ladabi ba ne.

Kafin sallama, a maimaita wa likita abin da aka fahimta: wannan ƙwaya ɗaya safe da dare, kwana biyar, bayan abinci. A roƙe shi ya rubuto sunan maganin, ƙarfinsa da adadin kwanaki, domin sunayen magunguna suna kama da juna a kunne. A tambaye shi: wace alama ce idan aka gani za a taho asibiti? Yaushe za a sake magana? A kemis a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Yawancin magungunan maleriya da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suna da wurin kankarewa a kwali; a tura lambar ta tes kyauta don a tabbatar ba jabu ba ne.

Inda waya ba ta da hurumi

Mafi girman shiri shi ne sanin lokacin da ba a jiran kira. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Sanƙarewar wuya da zazzaɓi. Numfashin da ƙirji ke lotsawa. Mai ciki da ke zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko naƙudar da ta wuce awa 12. Karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki. Ciwon ƙirji mai tsanani. Saran maciji, raunin harbi ko sara. Duk waɗannan na asibiti mafi kusa ne, a Anka ne, a Gummi ne ko a Bukkuyum. In za a kira likita, a kira shi ana kan hanya.

Haka gudawa mai kama da ruwan shinkafa. A daminar 2025 an yi fama da kwalara a wasu garuruwan Bukkuyum, kuma cuta ce da ke iya kashe babba cikin sa'o'i. A fara ba da ruwan gishiri da suga na leda nan take, a haɗa shi yadda aka rubuta a jiki. Idan na lita ɗaya ne, ledar fiya wata biyu ke nan. Ana ba shi ana tafiya.

Ƙorafin da ke da gaskiya a ciki

Wani zai ce duk wannan magana ta masu hali ce. Ƙauyen da babu sabis, babu wuta, babu kemis, me kiran bidiyo zai yi masa? Wani kuma zai ji tsoron kada hukumomi su fake da waya su ƙi gyara asibiti. Dukansu suna da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 2019, cewa ta yi ganin likita daga nesa ƙari ne a kan asibiti, ba madadinsa ba. Waya ba ta ɗiban jini, ba ta ƙarin ruwa, ba ta karɓar haihuwa. Gubar dalma ma sai da gwajin jini ake tabbatar da ita.

Gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024. Idan ana so mutanen yammacin jihar su ga amfaninta ta wannan fuska, abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gwamnati ba: ɗaki ɗaya a ƙananan asibitoci mai sola, da intanet, da na'urorin awo, da malamin asibiti da zai zauna kusa da mara lafiya, sannan a tsara ranakun da likitocin Gusau za su riƙa amsa kira. Matasan da suka iya tayar da gangami har aka share Bagega za su iya neman wannan ma.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun kowane gida. Littafi ɗaya na lafiyar iyali, ma'aunin zafi ɗaya, lambar likita ko malamin asibiti da aka tabbatar da ita, da matashi ɗaya da ya san yadda ake tura hoto mai kyau, ya kuma san lokacin da zai ajiye waya ya nemo mota. Duk wanda ke da tsoho mai hawan jini ko ƙanwa mai sikila a gida, yau ce ranar fara rubuta littafin nan, tun kowa na lafiya.